Ɗigo ɗaya a kan ƙaf: yaron da muka kusa mayarwa aji ɗaya a Gadarif

Yaron da wannan rubutu ya shafa ya zo mana yana da shekara 11. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan makarantar ba. Firamare ce ta maza a wata unguwa ta bayan garin Gadarif, a gabashin Sudan. Ina koyar da lissafi a cikinta, kuma a duk malaman ni kaɗai ne Bahaushe.

Iyayensa mutanen wani ƙauyen Hausawa ne a jihar Sinnar. Da faɗa ya iso Singa, babban birnin jihar, a ƙarshen watan Yunin 2024, suka ɗauki abin da hannu zai iya ɗauka suka yo gabas cikin damina, kamar dubban jama'ar da suka cika Gadarif a lokacin. Mahaifinsa mai tsire ne, abin da duk Sudan ta sani da sunan agashe. Ya kafa tukubarsa a bakin kasuwa, yaron kuma shi ke karɓar kuɗi da yamma yana ba da canji.

Bai taɓa shiga makarantar hukuma ba. Tun yana shekara 5 yake makarantar allo, wadda a nan ake kira halwa. Niyyar uban ita ce in ya yi nisa a karatu ya kai shi aji, sai yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe makarantu. Da aka sake buɗe tamu, uban ya riƙo hannunsa ya kawo shi. Mudir, wato shugaban makaranta, ya miƙa masa littafin Larabci ya ce ya karanta. Yaro ya zuba shafi guda bai yi tuntuɓe ba. Aka rubuta shi aji 3.

Bayan gwajin wata na farko magana ta juya. A shibta, wadda muke kira imla, ya sami maki 4 cikin 20. A lissafi ya sami 6, kuma ni da hannuna na ba shi. Malamar Larabci, wadda zan riƙa kira Ustaza kamar yadda kowa ke kiranta, ta kawo shawara a mayar da shi aji 1. Ba da mugunta ta faɗa ba, mace ce mai kula da yara ƙwarai. Ta ce min: "Ustaz, ba harshe ne matsalarsa ba. Ka saurare shi a filin wasa, Larabcinsa ba shi da bambanci da na kowa. Tushe ne ba shi da shi."

Wannan hujja tata ita ce ta fara tsayar da ni. Larabcin filin wasa darijiyya ne, na kasuwa da titi. Na littafi fusha ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana wahalar da ɗan Balarabe ma a shekarunsa na farko. Masanin ilimin harsuna Jim Cummins ya daɗe da rarrabe waɗannan biyu: yaro kan iya hirar yau da kullum a sabon harshe cikin kimanin shekara 2, amma harshen karatu da jarrabawa kan ci shekara 5 zuwa 7. Yaronmu kuwa harsuna uku yake juyawa: Hausa a gida, darijiyya a bakin tukuba, fusha a takarda. Na roƙi mudir ya ba mu mako guda kafin a yanke hukunci.

Abin da takardunsa suka nuna

Na karɓi littafin shibtarsa na tafi da shi gida. Ban wuce layi na biyu ba na gane hannun. Rubutun allo ne na malamanmu, irin wanda ake rubuta Warshu da shi daga Kano har Barno. A wannan rubutu harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. A rubutun littattafan makaranta fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf nasa biyu ne. Don haka duk inda Ustaza ta ce ƙalam, yaro ya rubuta ƙalam daidai da yadda aka koya masa, ita kuma idonta ya karanta falam. Ta ce ƙamar, ta ga famar. Inda ya rubuta fa kuwa, sai ta ga wani harafi da ba ta san shi ba. Bayan haka, a allo ba a ɗiga wa nun da fa da ƙaf da ya idan sun zo ƙarshen kalma, shi ma ba ya ɗiga musu. Hamza kuma a kalma irin ya'kulu ba ya sa ta, domin a ruwayar Warshu yakulu ake karantawa, darijiyya ma haka take faɗa. Da na ware irin waɗannan gefe guda, sai na ga fiye da rabin jan biron da ke shafin ya faɗa ne a kan abin da yaron ya iya, har ya ƙware.

Kashi na biyu na kunne ne. Akwai sautukan Larabci da Hausa ba ta da su. Ha ƙarami da ha mai ruwa da ha babba duk "h" ɗaya yake jin su. Sin da sodi sun zame masa ɗaya. Ainu da hamza ma haka. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne harafin da Larabawa ke kira dad, mu kuma a allo muke ce masa lodi, muna karanta shi da "l" mai kauri tun kaka da kakanni. Daga nan muka sami alƙali da alwala da larura da farilla da Ramalan. To idan Ustaza ta furta marid da bakin Balarabe, yaro ba ya jin lodinsa a ciki, "d" yake ji, sai ya rubuta dal. Amma na lura da wani abu: idan kalmar tana cikin surorin da ya rubuta a allo, ba ya kuskure ko da harafin mai wuya ne, domin ido ya riga ya san siffarta. A baƙuwar kalma kaɗai kunne ke yaudararsa. Akwai kuma 'yan kurakuran nahawu da Hausa ta jawo, kamar mayar da hannu da ido maza, alhali yad da ain mata ne a Larabci.

Daga nan na koma kan takardar lissafi, wadda ni ne na yi mata hukunci. Amsar da ya kamata ta zama 25 ya rubuta 52. Inda 37 take ya sa 73. Kusan duka haka suke, ni kuma na soke su ban tsaya na tambayi kaina me ya sa kuskuren ke da tsari ba. Kashegari na kira shi na ce da Hausa: "Ɗana, mutum ya sayi agashe na jine 750 ya ba ka 1,000, nawa za ka mayar masa?" Kafin na rufe baki ya ce 250. Na ƙara masu wuya, yana amsawa. Sai na ba shi alli na ce ya rubuta 25, ina kallon hannunsa. Leɓensa ya motsa, "ashirin da biyar", ya sa 2 a dama, ya matsa hagu ya sa 5. Da Hausa yake lissafi a ransa, Hausa kuma gomomi take fara faɗa. Rubutun da ya sani a duniya kuwa daga dama ake fara shi. Ɗan Balarabe yana cewa hamsa wa ishrun, biyar ce farko, in ya fara daga dama sai ta zauna masa daidai. Shi kuwa ya haɗa jerin Hausa da hannun Larabci, sai lamba ta juye.

Zuwa nan na ɗauka na gama, yaro ya iya komai, an zalunce shi ne kawai. Ustaza ce ta hana ni wannan gaggawa. Ta ce mu sake ba shi shafin da ya karanta wa mudir. Ya karanta da daɗin murya kamar farko. Ta tambaye shi wa ya tafi kasuwa a labarin, ya yi shiru. Na maimaita da Hausa, na ce ya amsa da Hausa, ya sunkuyar da kai. Kalmar zahaba ya sha rubuta ta a allo, amma ba wanda ya taɓa gaya masa ita ce masha ta darijiyya, wato ya tafi. Baƙi da wasali sun zauna masa daram, ma'ana ce babu. A nan gurbin gaske yake, kuma gwaji uku da muka yi masa ba wanda ya taɓa wurin. Karatun murya ya kai shi sama da inda yake, shibta da lissafi sun kai shi ƙasa. Da mun mayar da shi aji 1 da ya shekara yana koyon baƙaƙen da ya sani tun yana ƙarami, cikin yaran da ya girma da shekara biyar, kuma ina da yaƙinin da bai ƙarasa shekarar ba.

Abin da muka yi

Lissafi bai ɗauki kwana biyu ba. Na ce masa: "In da Hausa ka ƙirga, fara daga hagu." Da muka kai ɗaruruwa sai ya zama shi ke gaba, domin ɗari da ashirin da biyar jere take bi da bi, alhali mai cewa mi'a wa hamsa wa ishrun sai ya yi tsalle ya dawo. Kalmomin tambaya ne suka fi cin lokaci. Albaƙi ta littafi, wato abin da ya rage bayan an ɗebe, bai gane ita ce albagi da yake miƙa wa masu saye kowace yamma ba, sai da na faɗa masa su biyun a jere.

Maganar ɗigo kuwa na ji tsoronta. Idan muka ce wa yaro rubutunsa kuskure ne, mun ce malaminsa na allo kuskure ya koya masa, kuma da wannan hannu yake rubuta Alƙur'ani kowace asuba, domin ya ci gaba da karatu wurin wani alaramma a unguwar. Na je na sami alaramman bayan la'asar, na durƙusa muka gaisa. Na ce: "Allah gafarta Malam, ba gyara na zo yi ba, taimako na zo nema." Na nuna masa littafin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira yaron ya ce: "Wannan hannun hukuma ne, wancan hannun allo. Mai ilimi duka biyun yake riƙewa. A can ka ba ƙaf ɗigonsa biyu, a nan ka bar min shi yadda na ba ka." Kalmar da ta fito daga bakinsa ta yi abin da tamu ba za ta yi ba a wata guda.

Babban aikin Ustaza ce ta ɗauke shi, kuma ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Ajinta ya haura yara 70. Akwai Larabawa, akwai Hausawa da Fulani, akwai Masalit, akwai Bani Amir. Ta fara da daina soke shibta da jan layi ɗaya. Kuskuren hannu ta sa masa alama daban, na kunne daban, na nahawu daban, domin yaro ya san abin da zai gyara ita ma ta san abin da za ta koyar gobe. Sai ta gano ashe akwai wasu yara uku masu ƙaf irin nasa, sun daɗe suna shan jan biro ba wanda ya lura.

Bayan kowane karatu ta ware 'yan mintoci, yara su juya biyu-biyu su gaya wa juna abin da ya faru a labarin da duk harshen da ya zo musu, sannan ta nuna wanda ta ga dama ya faɗa da darijiyya, a ƙarshe a rubuta jimla ɗaya da fusha. Muka yanka kwalaye muka shafa musu baƙin fenti suka zama ƙananan alluna. In ta yi tambaya kowa ya rubuta ya ɗaga, da kallo ɗaya ta san wa ya gane wa bai gane ba, ba sai ta jira gwajin ƙarshen wata ba. Ni kuma na rubuta mata jerin kalmomin da Hausa ta ara: littafi, alƙalami, allo, darasi, lissafi, labari, wasiƙa, sa'a, daƙiƙa, sunayen ranaku bakwai, da ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in. Ta riƙa ɗaga kalma ta ce wa ya san 'yar'uwarta a gidansu. Yaran Hausawa da Fulani da ba a taɓa jin muryarsu ba suka fara ɗaga hannu. Ta kuma lura yaron ba ya kuskuren madda da shadda, inda 'ya'yan Larabawa ke zamewa. Na ce mata allo ya taimaka, amma kunnensa ma ya saba, domin a Hausa jan wasali ne ke raba garin da ake zama da garin tuwo, nanata baƙi kuma ke raba baba da babba. Daga ranar ta sa shi yana duba wa na kusa da shi wannan ɓangare.

A gwajin wata muka raba maki gida biyu a lissafi da kimiyya: ɗaya na fahimtar abin, ɗaya na harshen da aka rubuta shi. Ba mu sauƙaƙa tambaya ko ɗaya ba. In yaro ya nema ana karanta masa ita da baki sau biyu, shi ke nan.

Inda aka ja

Na zaci mudir ne zai ƙi. Ya nuna damuwa kam, ya tuna mana cewa tun da aka dawo da tsarin shekara 6 na firamare da 3 na matsakaiciya da 3 na sakandare a 2020, jarrabawar fita tana ƙarshen aji 6, kuma da fusha za a yi ta, ba mai karanta wa kowa tambaya. Gaskiya ya faɗa. Muka yi masa alkawari duk amsar da za ta hau takarda da Larabci za ta hau, ya yarda.

Wanda ya ƙi da gaske uban yaron ne. Ya tare ni a kasuwa, bayan gaisuwa ya ce: "Malam, an ce da Hausa kuke wa yaron nan magana a aji. Hausa a gida na bar ta. Na kawo shi ne ya iya Larabcin da in ya buɗe baki a ofis ba wanda zai tambaye shi daga ina kakansa ya zo."

Ban iya amsa masa nan take ba, domin na san inda maganar ta fito. Mutanenmu sun fi shekara ɗari a ƙasar nan. Wasu hanyar Makka ce ta ajiye su, wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, har garin da suka kafa kusa da Sinnar yake amsa sunansa. Guminsu yana cikin audugar Jazira da dawa da riɗin Gadarif. Duk da haka har yau akan tambayi Bahaushe takardar zama ɗan ƙasa da wani irin kallo, kuma rikicin jihar Shuɗin Nilu na watan Yulin 2022, inda aka kashe mutane aka kori dubbai daga gidajensu, bai bar zukata ba. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya rubuta a sashe na 8 cewa dukkan harsunan asali na Sudan harsunan ƙasa ne da za a mutunta a raya, amma ban taɓa ganin littafin aji da Hausa ya iso makarantar da na koyar ba. Ni kaina ina yaro an doke ni a makaranta don na yi ruɗana, sunan da ake kiran duk harshen da ba Larabci ba. Na iya Larabci daga baya, amma na san abokaina nawa ne suka koma gona tun daga aji 2 don ba su san abin da ake faɗa ba. Wanda maciji ya sara, ba a ce masa tsumma ne.

Sai na ce ya ba ni izini in zo gida. Na je da littattafai biyu, na farkon zuwansa da na wannan makon. Na sa yaro ya karanta sakin layi, ya faɗa wa kakarsa ma'anarsa da Hausa, sannan ya rubuta amsar tambaya da fusha a gaban ubansa. Tsohuwar ta ce: "To ai yanzu ne ya san abin da yake faɗa." Uban bai ce ya gamsu ba. Ya ce: "Malam, ku yi, amma kada a ware shi a aji ana nuna shi." Wannan sharaɗi nasa daidai ne, kuma ya gyara mana aiki. Ustaza ta daina cewa Hausawa su faɗa, ta koma cewa duk mai irin wannan kalma a gidansu ya faɗa.

Inda aka tsaya

Ya ƙarasa aji 3 ya wuce aji 4. A lissafi yana cikin na gaba. Kuskuren ɗigo ya ɓace cikin 'yan makonni. Na kunne ya ragu amma bai tafi ba, ainu da ha ƙarami har yanzu suna kubce masa a kalmar da bai taɓa gani ba. Fahimtar karatu tana tafiya a hankali: gajeren labari yana kama shi, amma shafin kimiyya mai dogayen jimloli yana tsayar da shi, kuma insha'insa bai wuce layi huɗu ba. Da kakar riɗi ta zagayo ya bi kawunsa gona mako uku, ya dawo sai da aka maimaita masa abubuwa da dama.

Raba maki gida biyu bai ɗore ba. Duba takarda 70 sau biyu aiki ne, ga albashi da ba ya zuwa a kan kari tun da aka fara yaƙi, sai muka bar shi ga yaran da muke shakkar makinsu kaɗai. Allunan kwali da hirar biyu-biyu suna nan.

Akwai wani yaro ɗan Bani Amir a ajin, Tigire yake ji a gida, makinsa na shibta bai fi na yaronmu na farko ba. Na karɓi littafinsa na duba dare biyu. Na ga kurakuransa ma suna da tsari, haruffa iri ɗaya suke maimaituwa, amma ba ni da harshen da zan karanta tsarin da shi, kuma babu mai shi a cikin malamai. Ustaza ta aika wa wani yayansa da ke sakandare ya zo ranar Alhamis bayan an tashi, mu zauna mu uku a kan littafin.